Ba Modu da Ƙarfen da Ya Ƙi Lalacewa

Damina bakwai ke nan rabona da Mirya, kuma ban taɓa jin nisan gida kamar yau ba.

Da safen nan labari ya iske ni. Ina jera zana a bakin kasuwar Diffa, sai wani mai banda ya tsaya a kaina ya ce, "Ba kai ne mutumin Ba Modu shofer, mai tuƙa tarakta, ba? Ai jiya aka kai shi." Zazzaɓi ne, a gidansa na Gagamari.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu na kasa zama. In ɗauki lauje, in ajiye. In fita, in dawo.

Ba zan yi ƙarya don ya mutu ba. Shi Ba Modun ne ya raba mu da aikinmu, kuma ya san ra'ayina a kan haka, don a gabansa na faɗa.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: mu 'yan ci-rani ne muke share fadamar bakin Komadugu da lauje da adda, inda Nasaran noma yake son shuka shinkafa. Ana biyanmu kullum. Sai aka kawo tarakta, aka ba Ba Modu tuƙinta, shi da ya koyi mota a soja. Bayan nan babbar mota ta zo daga Damagaram da injin saran ciyawa guda biyu, irin wanda ake ɗaura wa tarakta a baya, wuƙaƙensa na juyawa a ƙasa. Ɗaya kore ne marar nauyi, ɗaya ja ne mai kaurin tsiya. Nasara ya ce Ba Modu ya gwada su, wanda ya ce zai jure shi za a bari, ɗayan a mayar.

Muna tsaye muna kallo ya gwada. Ya ƙwanƙwasa bayan kowanne da guduma yana sauraro. Ya kwanta ƙasa ya leƙa wuƙaƙen. Ya shiga da su cikin kututture da gangan, ya sauko ya dafa inda mai yake ya ji zafinsa. Ko makaho ya san jan ne mai ƙwari.

Bayan la'asar muka same shi, ni aka sa gaba.

Na ce, "Ba Modu, don Allah ka ce koren. Kwana kaɗan zai karye. Kafin a kawo kayan gyara daga Damagaram an yi wata da watanni, mu kuma mu ci abinci."

Ya dube ni. Afuno yake ce mini, kamar yadda Barebari ke kiran Bahaushe. Da Hausarsa mai nauyi ya ce, "Afuno, koren nan da ya bugi kututture, wuƙarsa ta kusa fita. Ni a sama nake zaune. Ku ne a ƙasa. Ƙafar wa kake so in ba shi?"

Na ce gara ƙafar mutum ɗaya da cikin mutum ashirin. Haka na ce, kuma a ranar haka nake ji.

Ya zaɓi jan. Aka sallame mu.

Wasu suka tafi Bosso aikin kifi, wasu suka koma gida hannu wofi. Ni kunya ta hana ni komawa. Kuma ƙarfen nan, Allah ya sani, na yi ta jira ya lalace. Har yau ko tari bai yi ba.

Na daina gaishe shi. Shi bai daina ba.

Wata rana ya tsaya da keke a ƙofar bukkata, bai ko sauka ba. Ya ce, "Afuno, jibi zan shiga fadamar yamma. Gamba ta kai kan mutum. Injin nan niƙe ta yake yi, ba ta zana ba ta jinka. In da mai so, ya riga ni."

Washegari ina can da lauje.

Daga nan ya zama al'ada. Duk inda zai shiga sai ya faɗa mini tun da wuri. In yanka, in busar, in saƙa zana in sayar. In burugu ce, ciyawar shanu, in kai wa Fulani. Wani lokaci ya ce wa Nasara wuri kaza da laka, tarakta za ta kafe, a dakata. Da lakar kuwa, ba ƙarya ya yi ba, amma na san don wa ya lura da ita.

Bai taɓa karɓar ko goro a hannuna ba. Ni ma ban taɓa ce masa na gode ba yadda ya kamata. Gani nake bashi yake biya, har yanzu ma wani gefen zuciyata haka yake gani. Abin da zana ke kawowa bai kai rabin ladan da muke samu a da ba.

Ranar kasuwar da ta wuce na gan shi na ƙarshe. Ya zauna a kan zanata yana shafa saƙar. Ya ce, "Dangar gidana ta faɗi, matata Ya Falmata ta hana ni shan ruwa. Nawa za ka bar mini huɗu?"

Na ce, "Kuɗinsu kamar na kowa."

Ya yi dariya har da tari. "Kai Afuno, ko a lahira sai ka buɗe kanti!" Ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa. Da zai tashi ya ce kada in manta da fadamar gabas, ita ta rage, kuma gambar can ta fi ko'ina.

To ga abin da ya hana ni zama. An ce an riga an ba wani mutum tuƙin taraktar, gobe zai shiga fadamar gabas. Bai san ni ba, ba kuwa zai jira ni ba. Gambar nan da ita na yi lissafin kuɗin mota zuwa gida bana. In na tafi Gagamari, kafin in dawo ta zama gari.

Na ɗauki laujen sau nawa ban sani ba.

Na ajiye shi. Matarsa za ta shiga takaba a gidan da ba danga, kowa na wucewa yana leƙe. Ba a haka zan bar gidan Ba Modu ba. Mirya ta jira wata shekara, ai ta saba.

Allah ya jiƙan Ba Modu, ya yafe masa, ya yafe mana tsakaninmu da shi. Allah ya sa ya huta, ya ba Ya Falmata da yaransa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa, ina roƙo ya yi masa Ƙulhuwallahu, har da ku da aka sallame mu tare. Na san wasunku ba su huce ba. Ku yi dai.

In kuma wani zai bi ta Mirya, ya faɗa wa mutanen gidanmu ina nan da rai. In sun tambayi abin da na tara, ga shi: akuya biyu, buhun tattasai ɗaya, turmin atamfa ɗaya, zana goma sha ɗaya.

Huɗu suna kan jakin aro. Saura bakwai.