Takardar da Yaya Sani ya bar mini

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani a Paris, kuma ban taɓa jin tsoron tuna shi ba sai bana.

Binciken hanji ne aikinsa. In ya leƙo shagona na atamfa a unguwar Goutte d'Or, nakan tsokane shi cewa duk karatun nan a kayan ciki ya ƙare. Sai ya yi dariya ya zana mini a bayan kwali. A bangon hanji akwai ƴan gashi-gashi da ido ba ya gani, su ke tsotse abinci. A cikin ƙwayoyin hanjin kuma akwai ƙananan injuna da yake kira ƴan dako, suna bin zare suna kai kaya gindin gashin. In suka lalace gashin ba ya tsayuwa, nonon da jariri ya sha ya wuce kamar ruwa a rariya.

Haka ɗana na fari ya tafi, gudawa ta ƙarar da shi bai yi arba'in ba. Ni da matata ƴaƴan wa da ƙane ne. Daga baya Sani ya sa aka auna jininmu, aka tarar kowannenmu na ɗauke da lahanin a ɓoye, a jikin jaririn suka haɗu. Da ciwon ajali ya kama Sani, ya miƙo mini takardar sakamakon.

"Duk mai auren zumunci a zuri'armu, a auna shi tukuna. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Na tura ta ƙasan akwati, don kada labari ya kai garinmu Damagaram a ce gidanmu da ciwon gado, ƴaƴanmu su rasa manema.

Bara ƴata Nana ta auri ɗan ƙanwarmu a Lyon. Su suka ga juna suka so, ni kuma na raba goro bakina a rufe. Da Sani na nan, da ya tsayar da ɗaurin auren ko da dangi za su ƙaurace masa. Ni ba ni da wannan zuciyar, kuma ina jin kunyar hakan.

Yanzu cikin Nana ya shiga wata tara. Makon jiya na hau jirgin ƙasa na kai mata takardar a unguwarsu Guillotière. Ta karanta sau biyu, ta ɗora hannu a ciki.

"Baba, tun yaushe take wurinka?"



Sani bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Wannan takardar ya bari, kuma duk shekarun da ta yi a akwatina ba su goge ko harafi ɗaya ba. An ɗebi jinin Nana da na mijinta, sakamako sai nan da mako uku. Ungozoma ta ce haihuwar ba za ta jira haka ba.