Gonar Dosara da Na Je Karɓa

Mun bar Mafara ana sallame sallar asuba, mu uku: ni, da Baffa ƙanen mahaifinmu, da wani abokina da ya ba mu aron motarsa har da kansa. Shi abokin nawa ya ɗauka yawon duba gonaki za mu. Baffa kuwa ya san gaskiya, shi ya sa tun da ya shiga mota bai dube ni ba, carbinsa kawai yake ja. Gaskiyar ita ce zan je in ce wa ƙanena a sake rabon gadon da aka yi mana shekara bakwai da suka wuce, ya ba ni gonarsa ta Dosara, ya karɓi tawa ta Dakko. Baffa ne shaidar rabon farko, don haka na matsa masa sai da ya biyo ni.

Bari in faɗa muku yadda ta Dakko ta zama tawa, don da bakina na zaɓe ta, ba ƙuri'a aka jefa ba. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, na daɗe ina zana koguna a allo. A tashe ni daga barci zan faɗa muku inda Nilu ya taso da inda ya faɗa Bahar Rum, da yadda Kwara ya yi baka ta bakin hamada kafin ya juyo kudu, da dalilin da ya sa Kongo ba ya ƙafewa. Abin da na fi jin daɗin koyarwa shi ne cewa gulbi yana kwaso laka daga sama ya zube ta a ƙasa, shi ya sa mutanen Masar da ke ƙarshen Nilu suka fi kowa ƙasar noma. To, ranar rabo aka ce babba ya fara zaɓa. Gonakin biyu duk ruwan Gulbin Sakkwato suke sha ta kanal, ɗaya a sama kusa da madatsar Bakolori, ɗaya can ƙasa wajen Bakura. Na gyara zama na yi wa dangi darasin Nilu, na ɗauki ta ƙasa. Har tausayin ƙanena na ji a ranar.

Shekara bakwai ke nan shi yana girbi biyu, ni ina ba da uzuri. Ya yi rufin kwano, ya sayi injin ban ruwa, ya sauya babur. Duk abin da ya saya sai labarinsa ya iso ni kafin sati. Ina cewa masha Allah a fili, amma ni na san abin da ke cikina hassada ce, ba ni da wani suna mai kyau da zan ba ta.

Dakko muka fara nufa, don ina so Baffa ya ga halin da gonata take ciki da idonsa. Hanyar Bakura da sauƙi a wasu wurare, a wasu kuma sai abokina ya zaɓi ramin da zai faɗa. Mun wuce shingen jami'an tsaro, an leƙa mu an ce Allah ya kiyaye. Yanzu kowa a yankin nan sammako yake yi, kuma kowa yana so la'asar ta same shi a gida. A bakin tasha muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa abu, kuɗin kuwa bai ƙanƙance tare da shi ba.

Gonata tana nan yadda na bar ta, sai ma abin da ya ƙaru. Ƙasa ta tsage, shinkafar ta yi ja tun ba ta kai gwiwa ba, 'yar kwatar da ke shigo da ruwa ta cika da yashi da ciyawa. Mutumin da nake biya ta waya don ya duba mini ita ban gan shi ba. Na nuna wa Baffa da hannu biyu, kamar wanda ya kawo hujja gaban alƙali. Abin da ban so ya gani ba ita ce gonar maƙwabcina, wani dattijo, wadda kunya ɗaya ce ta raba mu. Tasa ba ta yi kyan a zo a gani ba, amma koriya ce.

Dattijon ya taso muka gaisa, gaisuwar da sai da ta bi ta kan gida da iyali da gajiya da sanyin da ya wuce da zafin da ya shigo. Da muka gama na yi masa ƙorafin ruwa. Ya ce, "Malam, ai mu nan wutsiya muke. Ruwa bai zuwa wutsiya da kainai, sai an tahi an tarbo shi. Sau biyu munka yi gayyar yasar kanal bana, ba ka zo ba, ba ka aiko ba." Na ce masa makaranta ce ta riƙe ni. Na ji maganar sarai, amma ba ita na zo nema ba, sai na ajiye ta gefe muka koma mota.

Muka sake biyowa ta Mafara muka kama hanyar Maradun. Tun daga nan idona ya fara ciwo da kore. Albasa, tumatir, masara, rake, ga mata suna sayar da dankali a tire, ga kanal babba cike taf yana tafiya gefen hanya ba ya ko waiwayar mutum. Abokina sai yabawa yake yi, yana cewa mutanen nan sun huta. Na ce masa ya dubi hanya.

Mun ɗan tsaya inda ake hango madatsar. Abin kunya, shekarun nan duka ina koyar da gulbin nan, yadda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya biyo ta nan ya wuce Bakura, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, sannan su gangara su faɗa Kwara har teku, amma ban taɓa tsayawa na dube shi da natsuwa ba. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, ga katangar da ta tare shi. A nan abin ya faɗo mini. Lakar da na zaɓi gona dominta tana kwance a bayan katangar nan, ba ta sauka. Abin da ke wucewa ruwa ne da aka auna, na sama ya fara sha, na ƙasa ya jira saura. Kuma wallahi na san wannan. Yana cikin babin da ke bin na Nilu, inda ake bayanin yadda babbar madatsar Masar ta hana laka isa gonakinsu. Na koyar da babi biyun shekara da shekaru, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya a kaina ba.

Maimakon in ji kunya, sai haushina ya ƙaru. Na tsaya ina jin haushin ƙanena da bai gama sakandare ba ya fi ni sanin ruwa. Na ji haushin mutanen Kongo da sama ke zubo musu kusan duk shekara, har masuntan da ke gabana suna banda kifi na ji haushinsu. Na taya ragon ruwa guda, mai shi ya kira kuɗin da ya kai cefanen gidana na kwana biyu. Baffa ya saya bai ko yi ciniki ba, ina jin don ya ƙara ƙular da ni ne.

Hantsi ya yi sosai muka shiga Dosara. A gidan ƙanena aka ce mana maigidan yana bakin kanal, yau ranar gayya ce. Muka bi ta gefen gonarsa, wato gonar da na bar masa. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na rage tafiya. Shinkafa ta kai ƙugu, ta yi duhu don kore, an raba ta fage-fage a daidaice, ruwa kwance a gindinta ko'ina ɗaya. Lokacin mahaifinmu gonar nan tudu da kwari ce, rabinta duwatsu. Na ga duwatsun an jere su a gefe sun zama iyaka. Na gani, na kawar da kai.

Mun iske mutum kusan talatin a cikin kanal, an tsayar da ruwa, suna kwashe laka da shebur suna jefowa sama. Ƙanena ya hango mu, ya fito da taɓo har ƙirji, ya durƙusa gaban Baffa, sannan ya juyo gare ni yana dariya. "Yaya, yau kai na a garinmu ba sanarwa? Da na sani ai da an yanka kaza." Tun yana koyon magana haka yake kira na, ko da mutanen gari duka suka koma ce mini Malam.

Ya aika gida aka kawo hoce da kwaɗon zogale da hura mai sanyi, muka zauna a gindin wata bishiya. Na ci, kuma abincin ya yi daɗi, wannan ma ya ba ni haushi. Abokina ya ga alamar magana ce ta gida, ya tashi ya tafi kallon masu aiki. Na yi gyaran murya na fara. Na daɗe ina tsara jawabin nan, da hujja ta ɗaya da ta biyu da ta uku: cewa an yi rabon cikin ruɗewar rasuwa, cewa ba a auna darajar gonakin ba, cewa ni ne babba kuma nauyina ya fi yawa. Na shirya wa musu. Na shirya har inda zan ce to mu tafi gaban alƙali.

Ya saurare ni har na ƙare, yana kankare busasshiyar laka daga hannunsa. Ya dubi Baffa, Baffa ya dubi ƙasa. Sai ya ce, "To Yaya, in haka kaka so, na ba ka. Shinkafad da ac ciki ma ka girbe, ka dai rage min iri." Ko numfashi bai ja ba kafin ya faɗa. Na rasa inda zan sa sauran hujjojina.

Ya miƙe ya ɗauko sheburinsa ya miƙo mini. Ya ce, "Sai dai gayya ba ta ƙare ba. Rabon mai gonag ga daga wancan icen zuwa 'yar gada. Wanda bai yashe nashi ba, ba a buɗe mishi ruwa ran da layinai ya zo. Dokar kowa ce." Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatse ne da na samu abin kamawa.

Mutane na kallo, ba halin in ƙi. Na tuɓe riga da hula, na naɗe wando na shiga. Taɓon ya riƙe ni har cinya. Shebur na farko na ɗaga shi da ƙarfin zuciya, na biyar kuwa lakar ta dawo mini a ka. Ban ci taku goma ba bayana ya ƙage, tafin hannuna ya yi ruwa, numfashina ya koma na tsohon injin niƙa. Ba wanda ya yi dariya, sai sannu Malam da ake ta yi mini daga ko'ina. Da na ɗaga kai sai na ga ƙanena ya ari shebur ya shiga ta can bakin gadar, yana yasowa yana nufo ni. Yana yasar rabon gonar da ya riga ya ba ni. Duk wanda ya gama nasa sai ya sauko ya kama masa, ba tare da ya kira kowa ba. Na tsaya cikin laka ina kallonsu, na ji wata hassadar da ta fi ta kwano da babur zafi. Ni in na faɗa rami a Dakko ban san mutum uku da za su sauko ba.

Da muka haɗu a tsakiya na ce masa na fasa, ya riƙe gonarsa. Ya share gumi, ya karɓi sheburin daga hannuna, ya ce, "Yadda ka ce, Malam."

Na wanke jikina a bakin kanal, muka yi azahar tare. Ya rako mu har mota, ya sa aka ɗora wa Baffa albasa, ni ma aka ɗora mini, ya yi mana addu'ar sauka lafiya cikin ladabi. Ya ce, "A gaida gida, Malam." A hanya abokina yana ta tsokanata, wai ashe malaman labarin ƙasa har cikin ƙasar suke shiga. Na yi dariyar dole. Da muka hango Mafara, Baffa ya ce, "Gona dai ta koma ga mai ita. Saura abin da ka baro can."

La'asar ta same mu a gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Na gane taswira tana nuna inda gulbi ya bi, ba ta nuna wanda ya kwashe lakarsa. Na gane shekara bakwai ina ƙirga abin da ƙanena ya saya, ban taɓa tambayarsa yadda ya kwashe duwatsun nan ba. Hassadar ba zan ce ta tafi ba, tana nan, sai dai yanzu na san ba gonar nake yi wa ita ba. Na sayi shebur a kasuwar Talata, na aika wa dattijon Dakko cewa a sa da ni a gayya ta gaba. Wannan mai sauƙi ne. Ƙanena kuwa na kira shi sau biyu tun da muka dawo. Yana ɗauka, yana gaishe ni, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu Malam yake ce mini.