Wata Ukun Yaya Habibu

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai yayana Habibu makwancinsa, kuma har yau akwai mutum ɗaya da ban yafe wa ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana karanta jaridar nan, ya san kansa.

Bayan soja sun koma bariki da 'yan shekaru, shagunan intanet suka fara yawa a Kano. Yaya ya kama wani shago a Gyadi-Gyadi, shi da abokinsa, suna koyar da gina shafukan intanet. Ni lokacin ina karatun jinya, nakan biya in zauna a bencin baya.

Kowa firemwok yake so, wato ginannen tsarin da ke rage wa mai gina shafi wahala. Yaya kuwa ba ya bari ka taɓa shi sai ka yi wata uku kana koyon tushe. Yakan ɗaga katin asibiti da ba a cike ba ya ce, "Wannan shi ne kilas, wato tsarin da ba a zuba bayanin kowa a ciki ba." Ya ɗaga na Innarmu mai sunanta da shekarunta ya ce, "Wannan kuma objek." Daga nan ya shiga darasin gādo: nas da likita duk ma'aikata ne, abin da suka haɗu a kai sau ɗaya za ka rubuta, kowa ya gada. Ya ce firemwok kacokan a kan wannan aka gina shi, wanda ya tsallake kwafa kawai zai yi ta yi.

Abokin nan ya kwashe takardun darasin da Yaya ya rubuta da hannunsa, ya yar da na wata ukun farko, ya buɗe nasa wurin a Hotoro da alkawarin shafi cikin mako biyu. Bai tsaya nan ba, ya bi ɗalibai yana cewa Habibu jan lokaci yake don bai iya ba. Aji ya watse, saura mu uku. Da ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya bai leƙo ba, ta'aziyya ma bai zo ba.

Na bar jinya, yanzu ni ke koyar da gina shafukan a Tarauni. Bara sai ga abokin nan da furfura, shafin da ya yi wa wani asibitin kuɗi ya rikice.

"Ƙanwata, ki taimaka ki duba min."

A gaban ɗalibaina na ce, "Alhaji, mene ne bambancin kilas da objek?"

Ya yi ta gyaran hula. Na ce ga benci, ana fara sabon aji ranar Litinin. Ya fita bai yi sallama ba.

Na san da Yaya ne zai ja masa kujera ya gyara masa, har ya raka shi bakin titi. Ya fi ni zuciya mai kyau, Allah Ya jiƙansa. Ni dai ban gyara ba, kuma ban yi nadama ba.

Watan jiya 'yar Alhajin, wadda ta gama jami'a, ta zo da kanta ta shiga ajina. Ban ɓoye mata komai na ilimi ba, ita ba ta yi min laifi ba. Amma kowane darasi da sunan mai shi, Yaya Habibu, nake buɗe shi. Shekaranjiya ta ce min, "Malama, na tambayi Baba ko ya san Malam Habibu, sai ya ture kwanon abincinsa ya tashi."

Na ce, "Gobe ma ki sake tambayarsa."