Barkar da na yi wa Ladi

Ban taɓa mantawa da ranar da bakina ya riga hankalina ba. Lokacin ina ƙaramar ungozoma a wani asibiti a yankin Bwari, wata Laraba ce da hantsi, cikin damina.

Ku sababbi a wannan aikin na ungozoma, ƙa'idarmu ita ce: in an haihu, sai ki ɗaga jariri ki nuna wa uwa, ita ta faɗi abin da ta gani da bakinta, don kada gobe a ce an musanya mata ɗa. Ke ba ki da ta cewa.

Matar sunanta Ladi, maginiyar tukwane daga Ushafa, haihuwarta ta biyar. Likita ya riga ya gaya mata ita ce ta ƙarshe, saboda hawan jini. Yaro na faɗowa, ni uwar rawar kai na rangaɗa guɗa: "Barka, namiji ne!" A tunanina wa zai ƙi namiji?

Sai ta juya fuska bango. Na kawo shi ya kama nono, ta naɗe hannuwa. Metiron, shugabarmu, ta ja ni gefe ta ce, "Sista, wa ya aike ki?" Wallahi na ji kunya.

Da na lallaɓa Ladi, ta ce maza huɗu gare ta. A gidansu mata ke ginin tukwane. Kakarta ta koya wa uwarta, uwarta ta koya mata. "Ni wa zan bar wa?" Tana faɗa tana kuka, yaro na ta tsala ihu, har azahar bai sha komai ba.

Dabara ta ƙare mini, na shigo da mahaifiyarta, wata tsohuwa mai rawar hannu. Ta zauna a bakin gado, ta karɓi jikan, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Ladi, ke ma da na haife ki, namiji na roƙa. Kwana biyu ban dube ki ba. Yau wa ke ba ni abinci a baki? Ungo ɗanki."

Ladi ta miƙo hannu. Na juya ina gyara ƙarin ruwan da ba abin da ya same shi, don kada su ga hawayena.

Abin da na koya ke nan: kowace mace da roƙon da ta shigo da shi ɗakin nan, kuma ba ki san shi ba. Ki nuna, ki yi shiru, ki tsaya kusa da ita.