Almakashi da Abokiyar Wasansa

Kawuna ya shekara talatin yana rubuta kanun labarai a wata ƙaramar jarida. Almakashi ake ce masa, don ba ya barin kalmar banza. Da aka sa masa manhajar AI mai hira a kwamfuta, sai ya mayar da ita abokiyar wasa.

Ran nan ya ba ta labarin gyaran titi, ta kawo masa wannan kan labari: "Ba za ka yarda da abin da ya sami titin nan ba!"

Ya kwashe da dariya. "Zan yarda mana, 'yar nan, ta nan nake bi kullum."

Ya nemi wasu goma, ya tsinci kalma ɗaya daga ciki, "warke", ya buga: "Titin kasuwa ya warke." Ranar ya koma gida yana ta yin fito.