Kuɗin Takalmin Dogari

Shekarar da na fara sayen shanu ina ba mutanen ƙauye kiwo, wani sa nawa da ke hannun wani manomi a gefen Tsauni ya kuɓuce ya faɗa lambun rake. Ya ci, ya tattake, kafin a ankara ya kwantar da gefe guda. Mai lambun, wani dattijo, ya kai ƙara wurin mai gari. Aka kama san aka ɗaure a ƙofar gidan dogari, aka ce dogarin ya kirawo ni, tun da dabbar tawa ce.

Ina yawon kasuwanni a lokacin. Ya zo Matameye bai same ni ba, ya bi ni Kurni aka ce na wuce Yauri. Duk a bayan kabu-kabu, kuma daga aljihunsa. Dusa da harawar da san ke ci ma shi ke saye. Haka tsarin yake a can: dogari ya kashe nasa, ranar da aka yanke shari'a wanda ya faɗi ya mayar masa, ya ɗora da ladan zirga-zirga, wanda ake kira kuɗin takalmi.

Da saƙo ya iske ni ban nufi fadar mai gari ba. Na sayi goro da sukari na wuce gidan dattijon, muka yi la'asar tare, na ba shi haƙuri a gaban liman. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Na fito ina ganin na kashe magana da araha. Babbar Sallah ta matso, akwai mai saye da zai jira ni a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, kuma rabin jarina yana jikin wannan san.

Na iske dogarin zaune a tabarma, tsoho ne siriri, yana gyaran bulalarsa.

"Baba dogari, an yafe. Kwance mini sa."

"Wa ya yafe?"

"Mai lambu."

"Ya yafe rakensa. Kuɗin kabu-kabuna fa, su ma ya yafe?"

Na zaro kuɗin da na san sun wuce duk abin da ya kashe, na miƙa. Ko hannu bai ɗaga ba.

"Wannan kyauta ce, Alhaji, ko biya?"

"Ina ruwanka da sunansu? Karɓi."

"In kyauta ce, Allah ya saka, amma sa yana nan. In na kwance dabbar shari'a saboda kyauta, gobe a ce an saye ni, a tuɓe mini riga. In biya ne, gaban mai gari ake yinsa. Ka kuwa san wanda ke biya."

Na sani. Wanda ya biya dogari ya amsa cewa shi ne mai laifi, ɓarnar ma ta hau kansa. Na ce ai ɓarna an yafe. Sai ya dube ni ya ce, ashe ban ji ba? Dattijon yana da ƙane da ya dawo daga cin rani a Legas. Rabin lambun nasa ne, shi ya aiko kuɗin iri da na taki, kuma shi bai yafe ko sanda ɗaya ba. Jira kawai yake in biya.

Na koma wurin dattijon na ce zan ba shi kuɗin a ɓoye, shi ya miƙa wa dogari a fada. Ya girgiza kai. "Ɗana, in na biya an ce ƙarar ƙarya na kai. Na yafe maka rake, kada ka nemi mutuncina kuma."

Kullum na je gidan dogari sai in ga san ya ƙara zubewa. Mai dusa ya daina ba dogari bashi, sai kara dogarin ke jefa wa san. Wata rana na ji matarsa daga cikin gida tana cewa hatsin yara ya tafi cikin san wani, shi kuma yana zaune yana tsaron riga. Ya ci gaba da gyaran bulalarsa. Ni ma na yi kamar ban ji ba.

Jajibirin kasuwa mai gari ya tara mu. Ƙanen ya zo da hularsa a karkace, ya zauna kusa da ƙofa.

"To," in ji mai gari, "ɗaya ya yafe, ɗaya an yafe masa. Wa ya faɗi?"



Dogari ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, kai ka aike ni. In babu wanda ya faɗi, to ni na faɗi ke nan."

Mai gari ya ɓata fuska, don maganar ta kusa taɓa aljihunsa. Ƙanen ya ce in an kasa a nan, shi zai kai gidan shari'a a Matameye, ai hanya ba ta da nisa. Na san abin da wannan ke nufi: san zai ci Sallah a ɗaure, kuɗin ciyarwa na hawa, mai sayena ya tafi.

Na auna cikin raina. Rabin ɓarna da kuɗin dogari a gefe guda, rabin jarina a ɗaya gefen.

"Ranka ya daɗe, ni na faɗi."

Ban rufe baki ba ƙanen ya miƙe ya yanka kuɗin da ko lambun gaba ɗaya bai kai ba. Na ce masa, "Malam, Legas ka baro, nan Tsauni ne. Rake nake saye mota-mota, na san kuɗin kowace kunya." Aka tura dattawa biyu suka dubo wurin, muka yi ta ja har ya sauko kusa da gaskiya. Na biya shi. Na juya na biya dogari a gaban kowa. Ya cire abin da ya kashe da na takalminsa, ya turo mini sauran da yatsa.

Washegari na kai san Mai'aduwa. Mai sayen ya zagaya shi, ya danna tozo, ya shafa haƙarƙari, ya ce ba wannan ya gani ba watan jiya. Ya rage abin da ya rage. Na dubi san, na dubi rana, na ce masa ya kawo kuɗin.