Kalmar da Ban Yanke Ba

Kwana uku muka yi a bitar nan, mu 'yan jaridar rediyo na Zariya, a zauren wani otel. Wata ƙungiya ce ta kawo masana su koya mana dokokin aikin jarida da yadda ake kare wanda ya ba ka labari. Kada ka faɗi sunansa. Kada ka faɗi unguwarsu. Ka sauya masa murya da na'ura. Muka ci shinkafa da kaza, aka ba mu takardar shaida, na komo Tudun Wada ina hura hanci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wa ya isa ya gaya mini a lokacin?

Maƙwabciyarmu nas ce, Mama muke ce mata. 'Yar gidan Kiristocin Zariya ce na asali, Bahaushiya gaba da baya. Ita ta yi wa 'ya'yana duka allurar farko. Mijinta ya rasu, jikoki biyu na hannunta, tana aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa.

Wata la'asar na shiga gaishe ta, ta ce mini mai asibitin yana sa su kankare kwanan watan da ke jikin maganin da wa'adinsa ya wuce, su ba marasa lafiya. A matsayin ɗa ta faɗa mini, don abin ya tsaya mata a rai. Ni kuwa, wawa, labari kawai na hango. Sati biyu ina yi mata naci ta bari in ɗauki muryarta.

"Ɗana, aikin nan shi ne cinmu, shi ne shanmu," in ji ta. "In mutumin nan ya gane ni ce, kashina ya bushe."

Na ce, "Haba Mama! Ke kanki ba za ki gane muryarki ba. An koya mana."

Ta yarda, na ɗauka da wayata. Wallahi na yi aiki a kan muryar nan. Na yanke sunan asibitin, na yanke unguwa, har ɗan tarin da take yi kafin magana na cire. Na mai da muryar ta koma kamar ta ƙato yana magana cikin randa. Jimla ɗaya ce na bari saboda ita ce ran labarin: "Yesu ne shaidana, da hannuna na kankare." Na saurare ta ya fi sau goma, ban ji komai ba. Tun ina saurayi nake jin kalmar Yesu a bakinta, ko tukunya ce ta ƙone sai ta kira shi. Kunnena ya riga ya saba.

Aka sa labarin da hantsi, edita ya yaba mini. To, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai asibitin ya ji, ya san da shi ake. Sauran ma'aikatansa Musulmi ne, sai Kiristoci 'yan kudu biyu masu Hausar koyo. Wace ce za ta kira Yesu da Hausar Zazzau tsantsa? Mutum ɗaya ce tak.

Washegari ya ce ta je gida ta huta. Bai yi faɗa ba, bai ambaci rediyo ba. Ta zaga asibitocin Tudun Wada da Tudun Jukun neman aiki, ko'ina zancen ya riga ta isa. Asibitin kuwa yana nan a buɗe, ba wanda ya zo bincike.

Na je wa edita rai a ɓace. Ya ce, "Malam, ka faɗi sunanta? To ba mu karya doka ba." Gaskiyarsa kuma, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Duk abin da aka koya mana na bi, ni na tsira, ita ta tashi a tutar babu. Masu bitar ma da na rubuta musu, gayyata suka aiko mini in zo in ba sababbi labarin nasarata. Nasara! Ban je ba, kuma tun daga nan ban sake lallashin kowa ya yi mini magana ba. Na koma karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa.

Mama ba ta taɓa zagina ba, da ma ta zage ni na huta. Yanzu zoɓo take ƙullawa a leda tana sayarwa a ƙofar gida. Kullum in zan fita muna gaisawa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Amma tun ranar ban sake jin ta kira Yesu a gabana ba. In sunan ya zo bakinta, sai ta dubi aljihun rigata, inda nake sa waya, ta haɗiye.